Habila Mai Gwada Ruwan Inabi da Yaji

Habila maƙwabcina ne a unguwar Hadayek el-Maadi da ke Alƙahira, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Biliri ne, shekararsa tara yana kuku a gidan wani jami'in ofishin jakadancin Najeriya. Ni ba na shan giya, shi ma bai taɓa miƙo mini ba, amma babu ruwan inabi mai araha a Alƙahira da ban san halinsa ba, don bakin Habila ba ya hutawa.

Duk Asabar da la'asar zai sayo kwalba ɗaya, 'yar Masar. Sai ya dangwali yaji ya lasa, ya jira harshe ya ɗau zafi, sannan ya kurɓa. Wanda ya kwantar da yajin, na tebur ne. Wanda ya ƙara hura wutar, na dafa nama ne. Akwai kuma wanda yake ajiyewa don kyauta ga duk wanda ya ɓata masa rai.

"Malam, mu ba cuku muke ci da ruwan inabi kamar Turawa ba," in ji shi. "Kwalbar da ba ta jure barkono, me za ta yi a gidan ɗan Najeriya?"

Kwatsam aka sauya masa maigida. Sabon, Oga Jesse, ya faɗa ƙarara cewa zai duba aikinsa wata guda, in bai gamsu ba ya kawo wani. Ga 'ya'yan Habila biyu suna makaranta a nan, takardar zamansu kuwa da aikin take tafiya. Na ji masa tsoro ƙwarai.

A makon ƙarshe Oga ya gayyaci Turawa cin abincin rana. Ya ce a yi farfesu da tsire, ya kawo jan ruwan inabi mai tsada da ya sayo a filin jirgi. Habila ya buɗe a kicin, ya yi gwajinsa, ya ji ɗaci kamar ya tauna ƙwayar magani.

"Oga, wannan da farfesu ba sa shiri."

"Khalas, ya isa haka, Habila. Zuba abin da na ba ka."

Ya zuba. Baƙi suka kai cokali, suka kurɓa, sai tari. Wata mata ta ture kwanonta, tana fifita baki da hannu. Oga ya rasa inda zai sa idonsa.

Nan Habila ya yi kasada. Da ma ya ɓoye kwalba biyu nasa a firji, masu ruwan hoda, da ɗan zaƙi. Ya fito da su da sanyinsu, bai nemi izini ba, ya cika kofin matar. Ta kurɓa, ta jawo kwanonta. Kafin a tashi an sha farfesun nan har ƙasan tukunya, mijinta kuma ya ɗauki hoton kwalbar.

Da baƙi suka watse Oga ya same shi yana wanke-wanke.

"Na ce ka zuba me?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Oga. Ban iya tsayawa ina kallo ba."

Oga ya dube shi, ya faɗi magana ɗaya ya fita.

Yammar ranar na ji ana dukan ƙofata kamar gobara ta tashi. Habila ne, yana haki, ko rigar kicin bai cire ba.

"Malam, ya ce in kawo fasfo ɗin yara ranar Lahadi idan an koma ofis, a sabunta musu takardar zama."

Sai ya zauna a kan matakala, ƙaton mutum da furfurarsa, yana dariya hawaye na zuba. Ni ma na zauna kusa da shi.