Rahoton Bashir daga Stockholm

Har gobe ban manta da ranar da na kusa raba Bashir da aikinsa ba. A Yunin 2013 ne, ina mataimakin manaja a wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a unguwar Zamalek ta Alƙahira, inda yawancin masu zuwa wurinmu iyalan ma'aikatan jakadanci ne. Ƙa'idarmu ita ce kafin mu tura iyali wani gari, sai ma'aikaci ya je ya duba masauki, ya kawo rahoto da hotuna masu ɗauke da kwanan wata da lokaci.

Bashir, ɗan Zariya da ya gama karatu a nan Alƙahira, shi aka tura Stockholm. Ni kuwa na taɓa zuwa garin a Disamba, na sha sanyin da har yanzu haƙorana ke tunawa, ga duhu tun ƙarfe uku na rana. Saboda haka gani nake na san garin ciki da waje.

Ina buɗe hotunansa gabana ya faɗi. Ciyawa shar, mutane da 'yan riguna, ga rana, lokaci kuma ya nuna tara da rabi na dare. Dama ni mutum ne mai zargi. Na ce wannan bai je ko'ina ba, a unguwarsu Hadayek el-Maadi ya kwanta ya haɗa hotuna.

Na kira shi na ce, "Malam Bashir, rana da tara na dare?"

Ya ce, "Wallahi yallaɓai, sai bayan goma nake yin magariba."

Wannan amsa ta ƙara tunzura ni. Na rubuta takardar neman a sallame shi, na kai wa manajarmu, wata Bamisiriya da ta shekara ashirin a harkar. Ta duba hotunan, ta dube ni.

Ta ce, "Ma'alish ya Ustaz, yi haƙuri, a wane wata ka je?"

Na ce Disamba. Ta ce garin da na gani da wanda ya gani duk ɗaya ne, wata shida ne kawai tsakaninsu. Ta yaga takardar ta ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Kunya ta rufe ni. Na ba Bashir haƙuri a gaban kowa, ya ce ba komai, amma bayan wata guda ya ajiye aiki.

Shi ya sa nake gaya muku, a wannan sana'a kada ku ce kun san gari sai kun faɗi watan da kuka gan shi. Rahoton nan nasa da na ƙaryata, da shi muka yi ta tura iyalai hutun bazara har na bar kamfanin.