Na Tsaya Gyara Mata Turanci Alhali Ciwonta Take Faɗa Mini

A lokacin ina budurwa ce mai tsananin son a ce na iya. Ina zaune a unguwar Ainu Shams a ƙasar Misira, gidan yayana da matarsa, ina karatun Larabci a unguwar Darrasa. Turancina na sakandare ya fi na yawancin 'yan ajinmu, abin kuwa ya shiga kaina sosai. A ajin akwai wata Musulma 'yar China, matar aure, mai sanyin hali, mijinta yana sayar da kayan waya. Ita ta fara neman in koya mata Turanci, ita kuma ta koya mini Sinanci. Na amince da murna, domin burina in gama in shiga harkar sayayya daga China.

Da farko abin bai tafi ba. Da mun zauna sai mu zame mu koma Larabci, tunda shi ne muka haɗu a kai, mu tashi ba abin da kowa ta ƙaru da shi. Sai na kafa doka: rabin zama Turanci, rabi Sinanci, Larabci kuwa khalas, wato an daina, ko kalma ɗaya. Dokar ta yi aiki. Bakina ya fara kama hawa da saukar muryarsu, ita ma ta soma haɗa jimla. Har alfahari nake yi wa ƙawayena da tsarina.

Wata ranar Laraba ta zo fuskarta ta yi fari fat, ta zauna a hankali tana dafe da gefen cikinta. Ta kira ni ukhti, wato 'yar'uwata, kamar kullum, ta fara magana da Larabci. Na buga tebur ina dariya, na ce ai ta san doka. Sai ta shiga lalubo kalmomi da Turanci. Ta ce cikinta yana ciwo ɓangare ɗaya, tana ganin jini, mijinta ya tafi sarin kaya, tana jin tsoro. Da yake a makon muna kan darasin zuwa asibiti, sai na ɗauka gwaji take yi. Na yaba mata, na gyara mata inda ta yi kuskure, na sa ta maimaita. Ta maimaita. Ta tambaye ni ko zan bi ta wajen likita, na amsa mata cikin muryar wasa kamar ina cikin darasin, na ce tamam, wato to ba damuwa, yanzu saura Sinanci.

A kwanakin ne gari ya rikice aka sa dokar hana fita, Yaya ya hana ni zuwa ko'ina. Na kira ta ban samu ba, na ce matsalar layi ce. Da abubuwa suka lafa na je gidansu, wata dattijuwa Bamisriya maƙwabciyarta ta buɗe ƙofa. Ta ce ciki ne ya zauna wa ƙawata ba a cikin mahaifa ba, ya fashe tana ita kaɗai. Kafin a kai ta asibiti jini ya ƙare, ta rasu. Ta tambaye ni ko ni ce ƙawar nan 'yar Nijeriya da marigayiyar ta ce za ta raka ta ganin likita. Ban san yadda na sauko daga benen gidan ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, Yaya ma ya faɗa. Amma har yau idan 'yata ta ce cikinta na ciwo, nan take nake kai ta asibiti. Sinancin kuma na ajiye shi, domin duk kalmar da na tuna, da muryarta take zuwa.

Ban rubuto don in hana kowa irin wannan musayar harshe ba, tana da amfani, doka ma tana taimakawa. Sai dai wadda ke zaune gabanki mutum ce, a baƙuwar ƙasa take, wataƙila ke kaɗai gare ta. Idan kika ga yanayinta ya sauya, ki rufe littafin ki tambaye ta lafiya da harshen da ya fi mata sauƙi. Ni ban tambaya ba. Ku sa ta cikin addu'a.