Telan da Ya Ƙi Faɗaɗa Aljihu

Ranar da Baba Tela ya bi bayan Direba a sunkuye tun daga ƙofar shagonsa har bakin tasha, ina zaune a rumfata ina facin taya, don haka ba labari aka ba ni ba. Wandon Direba ne ya yage ta baya yana cikin lodi, ya rugo a gyara masa. Ya laɓe bayan labule yana azalzalar tsohon, shi kuma Baba garin sauri bai lura igiyar abin kunnen da yake jin waƙa da shi ta kwanta a kan wandon ba. Keke bai san igiya ba, bai san yadi ba, ya haɗa duka ya ɗinke a daidai mazaunai. Da Direba ya saka wando ya fito, sai ga shi da jela mai kai biyu tana lilo.

Direba ya ce a sa almakashi a datse. Baba ya ce gara a datse masa yatsa. Direba ya ce fasinja na jira, ya kama hanya. To ka ji yadda aka yi dattijo mai furfura ya bi layinmu kansa a bayan wani ƙato, reza a hannu, yana warware ɗinki zare-zare, yana roƙon a rage sauri. Ni dai da suka zo wucewa ta gabana na ce, "Baba, in ka kamo labarai a wurin, ka ƙara mana murya." Bai ko ɗago ba. Sai da ya ceto igiyarsa, ya dawo yana hura ta yana gogewa da gefen riga, sannan ya tsaya ya gaya mini abin da ba zan iya rubutawa ba.

Ni da shi maƙwabta ne ciki da waje. A gida katanga ɗaya ta raba mu, a bakin titi kuma rumfar facina tana jingine da shagonsa. Siriri ne dogo, tef ɗin awo a wuya ko da wanka za shi, tabarau a ƙarshen hanci kamar ya kusa sauka. Wurin kawunsa ya koyi ɗinki tun ƙafarsa ba ta kai feda, kuma keken da kawun ya bar masa shi yake takawa har yau. Ya aurar da 'ya'yansa duka da wannan keken, ya rage daga shi sai matarsa, wadda duk layin muke kira Inna. Ɗinkinsa kam ba a magana. Ka sa wandonsa ka hau bishiya, ka tsallake kwata, sai dai kai ka gaji.

Babbar 'yarsa ce ta kawo masa wata 'yar na'urar jin waƙa shekarun baya. Ba ta fi kwalin ashana ba, fara sol, da wani zagayayyen maɓalli a tsakiya da ake murzawa da babban yatsa. Ya raɗa mata suna Auta. Tun daga ranar ƙafarsa ta koma bin kiɗa. In na ji keke yana gudu ta cikin bango, na san waƙa mai zafi ce. In na ji yana tafiyar hawainiya, to an shiga ta soyayya. Masu gaggawa har sun gane, sukan roƙe shi ya canza waƙa kafin ya ɗauki nasu.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma Baba ya mayar da Auta ma'aunin aljihu. Duk wandon da zai yanka, sai ya ɗora ta a kan yadi, ya zagaye ta da alli, ya ƙara faɗin yatsa biyu, shi ke nan aljihu ya samu. A lokacin wayoyin mutane ƙanana ne, babu wanda ya damu. Sai waya ta fara girma. Bana ta kai tafin hannu, baɗi ta kai silifas ɗin yaro, aljihun Baba kuwa yana nan inda alli ya bar shi. Ka ga magidanci yana tafe, rabin wayarsa a waje tana leƙen duniya, ya zauna ta zame ta faɗi, fuska ta tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa.

A bencin ƙofar Mai Aski ake yin wannan shari'a kullum da yamma. Mai Aski abokin Baba ne tun ƙuruciya, gajere mai tumbi, ba ya shiga gardama, sai dai ya zuga ya koma gefe. Abokin karawar Baba shi ne Mai Waya, wani matashi mai sayar da wayoyi a shagon gilashi a tsallaken titi, wanda ba ya buɗe baki sai da miliyoyi. Zai ce kamfani kaza ya sayar da miliyan kaza a wata uku, ya karanta da idonsa. Baba ya tambaye shi ko yana wurin lokacin da ake ƙirgawa. In Mai Waya ya nuna masa a fuskar waya, sai Baba ya ce ai ba a tambayar mai tumatir ko tumatirinsa na da kyau.

Hujjar Baba ita ce wai yawan ciniki alamar rashin ƙarko ne. Mutum ɗaya ya saya ta fashe, ya sake saya ta faɗa ruwa, ya sake saya a sace ta, su kuma su rubuta mutum uku. Auta kuwa ba a sayar da ita da yawa ba saboda duk wanda ya mallaki ɗaya ya gama sayayya har ya mutu. Na ce masa ai wayoyin daga aljihunsa suke faɗowa suna fashewa, ke nan shi ne babban ma'aikacin kamfanin, ya kamata su riƙa aiko masa da gaisuwa. Kwana biyu bai amsa sallamata ba.

In aka zo maganar ƙira kuwa, nan bakinsa yake buɗewa. Ya ciro Auta ya ɗora a tafin hannu, ya ce a duba gefenta, babu kusurwa ko ɗaya, an naɗe ta kamar kalmasar gwani, ba ta cin yadi. Maɓalli ɗaya, kana iya lalubo shi ta saman wando ba sai ka ciro ta ba. Ya ce wanda ya ƙera ta ko dai tela ne ko ɗan tela. Waɗannan allunan na yanzu kuwa, ga kusurwa huɗu, ga idanu a baya sun fito kamar na kwaɗo, in ka taɓa nan ta kira surukarka. Ranar da Mai Waya ya gaya masa cewa sabuwar irin Auta ma an cire mata maɓallin, an mayar da ita gilashi zalla, Baba ya tashi ya rufe shago da sauran rana. Na bi shi gida na yi masa jaje, ya jefe ni da takalmi.

Muna dariya, amma aiki yana zarewa. Direba ne ya fara ɗauke ƙafa, sai mahauci, sai malamin makaranta da 'ya'yansa maza. Duk suka koma wurin wani sabon tela a saman layi, wanda ko aljihun da zai ɗauki faranti ka ce ya yi maka, zai yi. Kowa ya roƙi Baba ya ƙara ko da yatsa huɗu ne, ya ce aljihu yana da iyakarsa, in ya wuce nan ya zama buhu, shi kuma bai koyi ɗinkin buhu ba. Keken da nake ji tun safe har yamma ya koma sai jefi-jefi. Inna ta same ni a ƙofar gida ta ce in yi masa magana tunda ni ba na jin kunyar kowa. Ta ce yini yake yana share keke yana zuba masa mai kamar mai jinya. A mazan layin kaf, mutum ɗaya ya rage yana kawo masa ɗinki, wato Mai Aski, don shi har lokacin 'yar ƙaramar waya mai maɓallai yake riƙewa, ta ɗaure da roba.

Ana haka sai aka karya farashin manyan wayoyin. Mai Waya ya liƙa jar takarda a gilashinsa, ya fito da lasifika. Baba ya iso benci yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya ci zaɓe. Ya ce ga maganarsa ta fito, ba a rage wa abin da ake rububi kuɗi, kayan da ya fara ruɓewa shi ake yi wa gwanjo. Ya ce a ba su ɗan lokaci, duk za su dawo wa ƙananan kaya, aljihunsa yana nan yana jiransu. Mai Waya ya yi ta bayanin cewa sabuwa ce za ta fito, wadda ta fi wannan girma, shi ya sa ake share kanta. Baba ya ce haka ake faɗa a gidan da kasuwa ta mutu.

A makon nan Mai Aski ya tsallaka titi ya sayo tasa. Araha ta kashe shi. Ya shigo shagon Baba da yadi a hammata da wayar a hannu, faɗinta ya kusa na madubin da yake nuna wa mutane ƙeya. Ni kuwa na bar taya a cikin ruwa na matso bakin ƙofa.

"Abokina," in ji Mai Aski, "wando nake so, kuma wannan nake so ta shiga ta ɓace. In ba za ka iya ba ka gaya mini, kada mu ɓata da kai. Saman layi ba nisa."

Baba ya dubi wayar, ya dubi abokinsa ta saman tabarau. Ya ce, "Har da kai?"

"Har da ni. Jikokina nake gani a ciki."

Baba ya karɓi yadin ya ajiye. Da yamma na ji Inna ta cikin katanga tana gaya masa cewa in ya kori wannan ma, sai dai ya riƙa ɗinka wa Auta riguna. Washegari keke ya tashi da wani irin gudu mai haushi, babu kiɗa a cikinsa ko kaɗan. Na leƙa, na ga kunnuwansa a buɗe, Auta tana kan taga a kife.

Wando ya fito, ya zauna wa Mai Aski ɗas. Ya saka shi ya zo aiki yana ta juyi, ya jefa waya a aljihu, ta shige ba a ga ko kanta ba. Ni ne a kan kujera, ya aske mini rabin kai ke nan sai waya ta ɗauki ƙara. Mai Aski ya zura hannu, bai taɓa komai ba. Ya ƙara zurawa har gwiwar hannu, ya karkace har kafaɗa, tumbi ya tokare shi. Sai muka lura ƙarar daga ƙasa take fitowa, ga haske yana walƙiya a idon sawunsa. Ashe Baba ya yi aljihun tun daga ƙugu har bakin ƙafa.

Ya ɗora ƙafa a kan kujera ya girgiza, ba ta taso ba. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ta ƙara zama. Daga ƙarshe sai da ya kwanta rigingine a kan benci, ni da mahauci muka ɗaga ƙafar sama muna karkaɗawa kamar masu zazzage buhu, sannan ta gangaro ta fito ta buge shi a haɓa. Kafin nan mai kiran ya gaji. Mutanen titi kuwa sun taru, har Mai Waya ya fito yana ɗaukar hoto.

Mai Aski ya miƙe yana huci. Na ɗauka saman layi zai nufa, don can ya fara kallo. Sai ya juya ya yi shagon Baba, ni ma na bi shi da rabin kai da tawul a wuya. Ya ɗora ƙafa a kan teburin yanka, ya ce a rage wannan rijiyar yanzun nan, kuma akwai wani yadin a gida, ba zai kawo ba sai ya ga an yi aljihun mutane. Baba ya ɗauko alli ba tare da musu ba, ya ja layi a ƙasan gwiwa. Mai Aski ya ce a hau sama. Ya hau kaɗan. Haka suka yi ta ciniki a kan ƙafar bawan Allah har alli ya tsaya a tsakiyar cinya, inda wayar za ta zauna da sauran wuri. Na ce wa Baba ashe dai ya iya ɗinkin buhu, ya yi kamar bai ji ba.

Mai Aski ya sauke ƙafa, ya ce, "Amma don Allah me ya kai ka har idon sawu? Ba ga wayar na nuna maka ba?"

Baba ya hure allin da ke yatsunsa ya ce, "Ai ba wannan na auna ba, ta baɗi na auna. In ta zo ta fi ƙarfin wurin, sai ka cire wandon ka saka mata, kai ka shiga aljihun."