Kifin Rufe Tafki

A da, idan aka gama yankan dawa a ƙauyenmu da ke bayan Mubi, abu na gaba shi ne rufe tafki. Yanzu idan aka gama yankan dawa sai a tayar da injin ban-ruwa. Na daɗe ban yi tunanin wannan ba, sai da wani sauti ya tuna mini da shi a wata ƙasa mai nisa.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka watse, ni na bi ta duwatsu zuwa Kamaru, daga can na koma Yola, daga baya ɗana da ke aiki a Ingila ya sa aka kai ni wurinsa. Na tarar da sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, ko a Ngaundere inda na yi aikin jinya ina ganin na san sanyi. Wata Asabar, ganin na cika zaman ɗaki, ya ɗauke ni a mota zuwa wani tafki a bayan gari. Tafki ne mai shinge da ƙofa. A wani wuri daban ake kiwon kifin, wani mai ɗigo-ɗigo a jiki da suke kira tirawut, a kawo a zuba, mutane su biya a ƙofa su shiga su kama. Ciyawar bakin ruwa ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Maza biyar ko shida ne a tsaye, kowa nesa da ɗan'uwansa, ba mai magana. Wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya kaɗa zare a iska, baya, gaba, zaren ya yi fiu, ya tafi ya kwanta a kan ruwa. Abin da ke jikin ƙugiyarsa ba tana ba ce, gashin tsuntsu ne. Nan na tsaya, domin rabona da jin wannan fiu ɗin tun ina 'yar shekara tara, a bayan Kaka.

Kaka shi ne mahaifin mahaifiyata. Mahaifina soja ne, yana nesa, kawunnaina kuma duk sun tafi birni, saboda haka mu uku ne a gidan. Shi ne mai tsaron tafkin ƙauye. Idan damina ta wuce, kogin Yedzaram yakan ja baya ya bar wani ruwa a kwari, ba ya gudu, ba ya ƙafewa sai can cikin bazara. Al'adar ita ce, da zarar an gama girbi Jauro, wato mai unguwarmu, zai sa a yi shela an rufe tafki. Daga ranar ba mai jefa koma ko taru sai ranar su a bazara, lokacin da kowa da kowa zai faɗa ruwa, Kirista da Musulmi, a kama a raba. Amma akwai sharaɗi a kan mai tsaro. Cikin kwana bakwai da shelar, dole ya kai wa Jauro kifi guda wanda ya kama da fatsa da hannunsa. Shi ake kira kifin rufe tafki. Idan bakwai ta cika bai kawo ba, sai a karɓi gorar fatsa a ba wani gida. Tun zamanin mahaifin Kaka gorar ba ta bar gidanmu ba.

Kada ka ɗauka kifi guda a kwana bakwai abu ne mai sauƙi. Da sanyi kifi yakan sauka ƙasa ya lafe, ba ya bin komai. Ƙasa ta bushe, tanar da ake sa wa ƙugiya ta shige can ciki, fara ta yi wuya. Shi ya sa Kaka yake ɗaura gashi. Yakan tsinke gashin zabo ƙarami, mai ɗigon fari, ya naɗe shi a ƙugiya da jan zaren da ya warware daga tsohuwar hula, har ya fito kamar ƙwaron ruwa. Zarensa gashin wutsiyar doki ne da aka murɗa. Ba ya fita da sassafe. Sai hantsi ya ɗaga, tururi ya bar saman ruwa, sannan ya je ya shafe zaren da laka, ya jefa, ya ƙirga ashirin da Guɗe, yarenmu, a hankali, ya fara jawowa kaɗan-kaɗan, tsawon yatsa, ya tsaya, tsawon yatsa. Duk dabarar a nutsewa take. Gashin sai ya sauka inda kifin da ake kira kawara take kwance, ya wuce ta gaban bakinta, domin ita ba za ta tashi ta same shi ba. Kuma ba da ido ake sanin ta kama ba, da yatsa ake ji.

Dattijon nan na Ingila ma na ga yana shafa wa zarensa wani abu daga ɗan gwangwani. Na tambaye shi mene ne. Ya ce laka ce da ɗan sabulu, a kanti ake sayarwa, don zare ya nutse. Na yi dariya har ya tsargu, sai da na yi masa bayani.

Shekarar da nake ba ka labari, rawar hannun Kaka ta tsananta. Jifa bai gagare shi ba, amma naɗa zare a ƙugiya ya gagara. Ranar da aka yi shela ya kira ni bayan rumbu. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, kuma idan ya juya Hausa ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "kai" ne. A gida dai Guɗe muke yi.

"Amarya, yatsun nan naki da suke kitsa kan 'yar tsana, yau za su yi aikin da ya fi wannan. Amma ko uwarki kada ta ji."

Ya nuna mini sau biyu, na ɗaura. Ya shafa da babban yatsa ya ce ya yi. Ban san girman abin ba sai daga baya. Da an ji cewa yarinya ce ke ɗaura wa mai tsaro gashi, da ba a jira bakwai ta cika ba.

Kowace safiya ta sanyi, kafin in fita, mahaifiyata takan zaunar da ni kusa da murhu, ta narka man kaɗe a tafinta, ta murje ni da shi, fuska, ƙafa, hannu har tsakanin yatsu, don kada fata ta tsage. Ba ta taɓa fashi ba. Daga nan sai in wuce bayan rumbu in ɗaura gashin ranar, in riƙe shi a hannuna har bakin tafki. A da Kaka yakan sa gashin a baki ya jiƙa shi kafin ya jefa, amma a shekarar da ta wuce ƙugiya ta kama masa leɓe saboda rawar hannu, mahaifiyata ta yi ta faɗa har ya yi alkawarin bari.

Rana ta farko ba komai. Ta biyu ba komai. Kaka bai damu ba, ya ce ruwan bai gama kwanciya ba. Ni ina zaune a bayansa a gindin ɓaure, inda inuwata ba za ta faɗa ruwa ba, ina kallon gashina can tsakiyar tafki, zaune a saman ruwa tsaf kamar ƙwaro mai rai. Daɗi nake ji. Na ɗauka alamar na iya ke nan, tunda ba wanda ya ce mini ga inda ya kamata gashin ya kasance.

A rana ta huɗu maƙwabcinmu ya fara zuwa kallo. Ɗan abokin Kaka ne, ƙaƙƙarfa, mai koma biyu, kuma kowa ya san yakan saci jiki ya shiga tafki idan an rufe, ba a dai taɓa kama shi ba. Ya tsaya daga nesa a kan hanya, ya gaishe da Kaka da ladabi, sannan ya ce,

"Baba, yau ma ruwan kake wa gadi, ko kifin ne suka tafi kasuwar Mubi?"

"Suna nan. Warinka suka ji suka ɓuya."

"To in aro maka koma ɗaya? Ba wanda zai ji."

"Ajiye ta. Za ka buƙace ta ranar da na kama ka da ita."

Suka yi dariya su biyu, amma da muka koma gida Kaka bai ci tuwo ba. Rana ta biyar da ta shida ya canza wuri sau uku, ya ƙirga talatin maimakon ashirin, ya sa na ɗaura baƙin gashi maimakon mai ɗigo. Hannunsa ya ƙara rawa. Mata a bakin rijiya suka riƙa yin shiru idan mahaifiyata ta iso.

Rana ta bakwai sanyin ya fi na kullum. Muka zauna har rana ta take tsaka. Kaka ya jawo zaren, ya riƙe ƙugiyar a hannu yana kallon ruwa. Ina jin hankalinsa ba ya wurin, domin tsohuwar al'ada ce ta dawo masa, ya kai gashin bakinsa ba tare da ya sani ba. Sai na ga ya tsaya. Ya tsotsa, ya tofar, ya sake ɗanɗanawa.

"Amarya, kawo hannunki."

Na miƙa. Ya shinshina.

"Idan na jefa, ina gashin yake zama?"

"A sama, Kaka. Yana zama da kyau, ko sau ɗaya bai nutse ba."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

Ya saki hannuna. Ni a lokacin na gane man kaɗen hannuna ne, domin ko yaro ya san abin da mai yake yi a kan ruwa. Na fara kuka. Ya ce in bari sai mun koma gida, yanzu aiki ne. Ya sa na cuɗa hannuna da laka da yashi sau uku har fatar ta yi fari, na ɗaura sabon gashi da yatsu masu ƙanƙara, ya tsotse shi, ya shafa masa laka, ya jefa. Ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na ce ya ɓace. Ya fara ƙirga.

A jifa na huɗu gorar ta lanƙwasa. Kawara ce, ba wata babba ba, tsawon tafin hannunsa da ɗan ƙari, jikinta na walƙiya. Ya zura mata ciyawa ta baki ya ba ni riƙo, muka kama hanyar gidan Jauro kafin la'asar.

Dattawa suna zaune a zaure, maƙwabcin namu yana daga bakin ƙofa. Kaka ya ajiye kifin a kan tabarma, aka yi masa barka, Jauro ya ce da Fulatanci tafki ya rufu. Na ɗauka an gama. Sai Kaka ya kwantar da gorar kusa da kifin.

"Ranka ya daɗe, na kawo kifi don kada a ce an ƙwace ta daga gidanmu. Amma kwana shida gashi yana zaune a kan ruwa a gabana, ban gan shi ba. In ban ga wannan ba, ba zan ga mutum da koma a ɗaya gaɓar ba. A ba wani."

Jauro ya yi ta lallashi, Kaka ya ƙi. Aka tambaye shi wa yake gani. Ya nuna bakin ƙofa da haɓa.

"Wancan. Duk hanyar da ɓarawo yake bi ya shiga tafkin nan, shi ya share ta."

Zauren ya ɗauki dariya, maƙwabcin ya sunkuyar da kai, ya zo ya durƙusa ya karɓi gorar da hannu biyu. Kaka bai ambaci man kaɗe ba, bai ambace ni ba. A hanyar gida na ce masa laifina ne. Ya ce, "Man naki na kwana shida ne, amarya. Idon ya daɗe da tafiya, ni ne na ƙi tambayarsa." Da muka isa mahaifiyata ta ga hannuna ya tsage, ta yi faɗa, ta sake murje shi.

Maƙwabcin nan ya tsare tafkin fiye da yadda kowa ya zata. Har ɗan'uwansa ya taɓa kamawa ya kai gaban Jauro. Duk sanyi yakan zo ya zauna bayan rumbunmu Kaka yana koya masa ɗaurin gashi, da yatsunsa manya kamar rogo, Kaka yana zaginsa. Bayan shi ɗansa ya karɓa. Na yi Garwa, na yi Ngaundere, na yi Legas, duk lokacin da na zo gida da sanyi nakan tarar an rufe tafki. Na ga masu kamun kifi a wurare da dama, amma ban ga inda mutanen gari suke hana kansu ruwan da ke ƙofar gidansu wata huɗu ba shinge ba ɗan sanda, sai a wurinmu.

Da na dawo daga Ingila, bayan an kori 'yan bindiga, na je ƙauye. Mai tsaron bai dawo ba, ya rasu a gudun hijira, kuma ba wanda ya san inda gorar ta shiga. Mutane sun dawo sun tarar da rumbuna a ƙone. A wannan sanyin kowa ya shiga tafki da abin da ya samu, koma, gidan sauro, har da maganin ƙwari, kuma sabon Jauro bai iya buɗe baki ya hana mai yunwa ba. Ni ma da ni ce ba zan iya ba. An ce idan abubuwa suka lafa za a koma yadda ake. Abubuwa sun lafa, an kafa injuna a bakin ruwan ana noman albasa, tafkin yana ƙafewa tun kafin bazara ta shigo. Tun daga shekarar gudu ba a sake rufe shi ba, kuma ƙauyenmu ba shi da mai tsaro.