Gwiwar Sale Dogo

A duk shekarun da na yi ina duba lafiyar 'yan wasa a kulob ɗinmu na ƙwallon kwando, ranar da aka tura ni wani ƙauye a bayan Bagwai ce ta ƙi fita raina.

Kakar wasa ta kusa farawa, sai Alhaji, shugaban kulob, ya ce lallai a ɗauko Sale Dogo. Ku yara ba ku san shi ba, amma a zamaninsa ko alƙalin wasa kallonsa yake tsayawa yi. Lokacin ya kusa arba'in, ya koma gida yana noma. Alhaji ya ce sunansa kaɗai zai cika mana fili. Koci ya ce suna ba ya komawa baya ya tare gida. Zama uku aka yi, in ban da shayi ba abin da aka gama.

Ƙa'ida ita ce ba a ɗaukar ɗan wasa sai na sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Don haka aka ce ni zan raba gardama.

Na same shi a filin firamare. Na sa shi gudu, ya yi. Tsalle, ya yi. Na lanƙwasa gwiwarsa ta hagu ina kallon fuskarsa, shi kuwa yana tambayata ya mutan Kano. Na sa hannu.

Sai aka kira azahar. A masallaci mutanen gari suka yi ta tura ni sahun gaba, wai ni baƙo ne. Ni kuwa na noƙe, na tsaya kusa da Sale. A zaman tahiyar farko ƙafar nan ta ƙi naɗuwa, ya miƙar da ita gefe. Da za a tashi, wani dattijo mai furfura da ke damansa ya ɗan sauke masa kafaɗa, Sale ya dafa ya miƙe. Babu wanda ya nuna mamaki. Ashe duk garin sun sani, ni kaɗai ne baƙo.

Bayan sallama ya ce, "Malam Isa, ka gani ko?"

Na ce na gani.

"Kaka ɗaya nake roƙo. Ban taɓa yin wasan bankwana ba."

Wallahi ya ba ni tausayi. Amma gwiwar nan wasa biyu ba za ta kai ba, daga nan sai sanda. A gabansa na yaga takardar.

Wata guda Alhaji bai yi mini magana ba. Koci ya yi ta godiya, abin da ya fi ɓata mini rai kenan.

Abin da na koya shi ne, ɗan wasa zai cije ya ɓoye ciwo a gabanka, amma a salla yakan manta da kai. Kuma a wannan aiki kada ka jira godiya. Sale har yau da ƙafafunsa yake zuwa gona. In mun haɗu a kasuwa yakan amsa gaisuwata, amma bai taɓa fara gaishe ni ba.