Waɗanda Ba Su da Ranar Haihuwa

Lawali ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin kafin ya sha. Shekara tara na yi ina tuƙa shi a motar wani furoje, wato shirin tallafa wa noman rani, daga biro ɗinmu, wato ofis, da ke unguwar Zariya ta Maraɗi, zuwa Jiratawa da Tibiri, ban taɓa jin ya ce "na yarda" ba, sai dai "bari mu gani". Ɗan Jiratawa ne, ɗan fari a gidansu. Da keken rubutu ya fara, yana buga wa mutane takardun neman aiki a Sabon Gari, har aka kawo ordinateri, wato kwamfuta, aka rasa mai haƙurin zama da ita sai shi. Aikinsa ajiye sunayen manoma dubu biyu, kowa da fegin da aka yanka masa a bakin ruwa. Wanda sunansa ke cikin na'ura yana da gona, wanda babu kuwa sai ya kama gabansa.

A shekarar da zaɓe ya matso, lokacin da ko gaisuwa sai an fara tambayar jam'iyyarka, aka aiko daga Yamai da sabon tsarin ajiye sunayen, haɗe da littafin bayani. Shafi na goma sha huɗu ya ce sabon yana karanta duk abin da tsohon ya ajiye. Lawali ya taɓe baki.

"Duk? Wa ya ƙilga?"

Shugabarmu Madam Rahma ta ce, "Kai Lawali, tsiyata da kai shakka. Zuba mu tahi."

Ya zuba sunayen cikin sabon tsarin. Na'ura ta ce an gama, ko tari ba ta yi ba. Muka manna lisin sunayen a bangon magazen Jiratawa, inda ake ajiye kayan manoma, kafin azahar gari ya ɗauka: sunaye ɗari huɗu da 'yan kai sun yi ɓatan dabo, yawancinsu tsofaffi da mata. 'Yan wannan jam'iyya suka ce Lawali na waccan ne, 'yan waccan suka ce na wannan ne. Ni ma kaina, kunya ko ba kunya, na zarge shi, don na taɓa ganin ɗan kabu-kabu ya sauke shi ƙofar gidan wani ɗan takara.

Madam ta ba shi zuwa Juma'a: ko bayani, ko ya ajiye makullin biro. Ya ɗauko tsohon lisi da sabo, ya ɗora rula yana bi layi layi. Ba gari ɗaya ba ne, ba dangi ɗaya ba, ba jam'iyya ɗaya ba. Ran Laraba da hantsi sai na ga rular ta tsaya. Cikin waɗanda suka ɓace har da Tsahara Tanimu, mai fegin zogale a ƙarshen magudanar ruwa, wato mahaifiyarsa.

Takardar haihuwarta ya sani kamar tafin hannunsa. Ba rana, ba wata, an dai rubuta an haife ta wajen 1938, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka haifa a ƙauye ba a kai shi gaban hukuma ba. Ya duba sauran, duk haka suke. Ashe tsohon tsarin yana karɓar mutum da shekara kaɗai, sabon kuwa in ya ga gurbin rana fayau sai ya watsar da shi, bai gaya wa kowa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya yi shekara sittin yana noma, na'ura ta ce ba a haife shi ba!

Lawali ya sa wa kowannensu ɗaya ga Janairu a gurbin ranar haihuwa, sunaye suka dawo. Sannan ya ɗauki jan alƙalami ya rubuta a ƙasan shafin nan na goma sha huɗu: "Ba duk ba. Ban da wanda ba a san ranar haihuwarsa ba. A cika masa gurbin kafin a zuba." Ya aika kwafi Yamai. Makulli ya tsira, amma bakin mutane bai mutu ba. Har yau akwai masu cewa da gangan ya cire uwarsa don ya ɓad da sawu. Wannan bai dame shi ba, shi da bai yarda da kowa ba, ina zai jira a yarda da shi?

Ran Asabar na kai shi ya gaya wa tsohuwa. Muka tarar da ita tana tsinke zogale a tabarma. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta ma dubansa sosai. Ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ya gama, sannan ta juyo wajena.

"Direba, ashe ba shi na ba? To alhamdu lillahi. Kwana biyar ke nan ina bin baya, tun yana goye, ina neman abin da na yi mishi har ya cire sunana."

Har muka shigo Maraɗi ban kunna rediyo ba.