Ranar da Inna Ta Je Kallon Dutse

A gidanmu na Gummi ba a hura wuta don hira. Wutar da muke zagayewa da dare ta sana'ar Inna ce, wadda take turara shinkafa a rabin durom, ta shanya, a kai inji. Da an idar da sallar isha'i sai mu jawo tabarma kusa da murhun, ni da ƙannena biyu, domin hayaƙin ƙaiƙayi yana korar sauron fadama. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya, takan kifa tsohon turmi ta zauna, ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Inna kuwa ban taɓa ganin ta zauna a hirar nan ba. Tana iza wuta, tana ɗebo ruwa, tana kwashe wadda ta turaru, gatanar Iya, wato tatsuniyarta, tana shiga kunnenta rabi da rabi.

Shekarar da nake aji huɗu, ana gab da babbar Sallah, Baba ya shigo da labari. Wansa, Baba Sani, yana kula da gandun wani Alhaji a kan hanyar Bukkuyum. Mai gandun ya tafi aikin Hajji, mangwaro ya nuna har yana zuba, don haka Baba Sani ya aiko mu je mu wuni bayan Sallah, mu duka. Ya ce akwai dutse a bayan gandun, wanda in ka hau kana hango gulbi yana lanƙwasa har inda ido ya gaza. Baba ya riga ya yi magana da wani abokinsa mai a-kori-kura.

Mu yara muka hau tsalle. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku tahi lahiya," in ji ta. "Ni wa ka tsaya min ga shinkahwa? Ga kuma suyar naman Sallah na nan tahe."

Tun da aka kawo ta daga Anka, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, Inna ba ta taɓa fita don kawai ta ga wani abu ba. Ni abin ya tsaya mini a rai, don ina so in ga yadda fuskarta take in babu hayaƙi a gabanta. Sai da dare, da muka zauna, Iya ta gyara ƙafa ta ce, "To, ga ta nan tahe, mai kunne shi matso." Muka ce ta zo mu ji ta. Na lura ta ɗaga murya fiye da kullum, kuma fuskarta tana wajen durom.

Ta ce a zamanin dauri an yi wani gari mai dutse a bayansa. Kowane mutum sau ɗaya tak ake ba shi izinin hawa a rayuwarsa, amma wanda ya kai ƙoli zai ga duniya a shimfiɗe: birnin Sakkwato da ƙofofinsa, raƙuman Azbin a jere, da inda gulbi yake zuwa ya kwanta. Ranar wata mata ta zo, macen kirki, mai ƙwazo, wadda hannunta bai san zaman banza ba. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta kama hanya tare da mutane. Ba su yi nisa ba ta ga busasshen itace a yashe, irin wanda ba ya hayaƙi. Ta ce kai, wannan ai asara ce. Ta tsinta. Gaba kaɗan ta ga wani ta ƙara, har ya zama dami. Ta kwance ɗankwali ta yi gammo, wani mai wucewa ya aza mata. Da ta ga tsamiya ta zuba, ita ma ta ƙulle a bakin zane.

Iya takan yi muryar kowa a gatanarta. Ranar nan ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙame wuya, tana nishi, har ƙanena ya faɗi don dariya. Ta ce matar ta kai ƙoli, jama'a suna ta salati saboda abin da suke gani, ita kuwa kaya ya danne wuya, ba dama ta ɗaga kai. Wata tsohuwar shamuwa da ke zaune a wurin ta ce mata, baiwar Allah, sauke ki duba mana. Matar ta ce, "In na sauke, wa ka aza min?" Shamuwa ba ta da hannu. Mutanen da ke da hannu kuwa kowa ya shagala da kallo. Haka ta juyo ta gangaro. Da ta iso gida aka taru ana tambayarta me ta gani, ta ce ta ga babban yatsan ƙafarta, kuma yana bukatar yankan farce.

"Itacen fa, Iya?" na tambaya.

"Ke Dije uwar tambaya. Itace ai wuta ta ci shi kahin kasuwa ta zagayo." Ta kaɗe hannu. "Nan ta ƙare. Wanda bai ji ba shi tambayi ɓeran rumbu."

Inna tana tsaye da mazubi a hannu. Ta ce, "Iya, ai na ji da wa ake."

"Ni ban ambaci sunan kowa ba, Ta Anka. Amma shinkahwarki ni ka tsaya mata. Na turara shinkahwa tun ba a haihi uwarki ba. Ki tahi ki ga dutse, ki zo ki ba ni labari, ni ƙahwa ta riga ta ƙi."

Sai ga shi Inna ta je. Na tuna ta a bayan a-kori-kura cikin atamfar Sallarta, ta riƙe ƙarfen motar da hannu biyu, iska tana kaɗa mayafinta, tana dariya duk lokacin da muka faɗa rami. Gandun ya fi yadda Baba ya kwatanta. Ga mangwaro layi-layi, ga gwaiba da lemo, ga injin ban ruwa yana ta bugawa, ga wani gida mai fenti fari da ba kowa a ciki sai tantabaru. Muka sha mangwaro har gefen bakinmu ya yi zafi. Inna tana isa ta shige madafa wajen matar Baba Sani, da kyar aka fito da ita bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, muka kama hawan dutse.

Mun kai kamar rabi sai muka ishe wata ƙirya da ta faɗi ta bushe, rassanta sun kakkarye a kan hanya. Na ga idon Inna ya sauka a kai. Na kama hannunta na ce, "Inna, gatanar Iya fa." Ta yi dariya ta ce ai ita ba za ta ɗauka ta hau da shi ba, tarawa kawai za ta yi gefe guda. "Ku wuce, ina nan tahe bayanku."

Muka wuce. Na ga abin da aka ce ana gani, gulbi yana walƙiya a tsakiyar fadama, garken shanu kamar an watsa wake, rugage da ƙauyukan da Baba yake nuna mana yana faɗin sunayensu. Ina kallo ina waiwaye. Har rana ta yi ja Inna ba ta iso ba. Da muka gangaro muka same ta ta ɗaure dami uku, atamfar ta yi duƙun-duƙun, fuskarta cike da murna. Ta ce irin wannan itacen a Gummi sai mai rabo.

Mun iso gida bayan magariba. Iya tana bakin murhu, idonta ya yi ja saboda hayaƙi, ta gama turara shinkafar duka da ƙafarta mai ciwo. Ta dubi abin da ake saukewa daga mota, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Ta Anka, mi kig gani?"

"Iya, itace na can kamar banza."

Iya ta ce Allah shi yi albarka, ta dafa bango ta shige ɗaki. Daren nan ba a yi gatana ba.

Ina yarinya na ɗauka matar cikin gatanar wawuya ce, kuma na daɗe ina jin haushin Inna. Sai da na girma na yi nawa gidan, na san gajiyar da barci ba ya wankewa, sannan na fahimci tambayar da matar ta yi wa shamuwa. Mace ba ta sauke kaya sai ta tabbata akwai mai aza mata. Iya ta yi iya ƙoƙarinta, ta karɓi aikin yini guda, amma yini guda ba ya kwance abin da aka shekara ashirin ana ɗaurawa. Mu kuma da muke tare da ita a kan dutsen, da hannuwanmu lafiya lau, babu wanda ya ce tsaya mu tara tare sannan mu hau.

Iya ta rasu da daɗewa. Hanyar nan ta Bukkuyum yanzu ba wanda ke bin ta don yawon shan mangwaro, kuma an ce gandun ya koma daji. Inna ta tsufa, hayaƙin shekaru ya cinye mata ido, sai dishi-dishi take gani. Bara na je gaishe ta, muna zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafar tuwon dare, sai ta ce, ba tare da wani dalili ba, "Dije, wai mi aka gani daga saman dutsen nan?"

Na fara gaya mata gulbi da fadama da shanu, kaina a sunkuye, ina fitar da tsakuwa. Ta laluba ta janye faifan daga cinyata.

"Aje wanga. Ɗaga kanki ki hwaɗa min da kyau."

Na ɗaga kai na faro daga farko, a hankali, har da sunayen ƙauyukan da na iya tunawa. Tana saurare tana gyaɗa kai. Da na dubi cinyarta, yatsunta sun riga sun shiga cikin shinkafar, suna laluben tsakuwa.